Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Rabon Ɗakuna Da Makullai Ga Iyalin Da Za Su Hau Jirgin Ruwan Shaƙatawa Da Matasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin magidanta a kan wani al'amari da ake ɗauka ƙarami, alhali shi ne ya kusa ɓata mana hutun da muka shekara biyu muna yi wa tanadi. Tun da manyan jiragen ruwan shaƙatawa suka yawaita a tashoshin Dubai da Abu Dabi da Doha a watannin sanyi, suka kuma fara tashi daga Jidda a 2021, har Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Aroya a watan Disambar 2024, mutanenmu da suka saba zuwa waɗannan garuruwa don kasuwanci ko umra sun fara sha'awar ƙara 'yan kwanaki a kan teku tare da iyalansu. Masu kamfanonin tafiye-tafiye na nan gida, waɗanda muke kira ejan, sun gano wannan kasuwa, suna ta watsa hotunan wuraren ninƙaya da teburan abinci. Abin da ban taɓa ganin an yi bayaninsa a talla ba shi ne wa zai kwana da wa, a wane ɗaki, kuma makullin kowane ɗaki a hannun wa zai kasance, musamman idan a cikin iyalin akwai samari da 'yan matan da suka tasa.

Mu shida muka yi tafiyar, wato ni da maiɗakina, da babban ɗana mai shekara 17, da ƙanwarsa mai shekara 15, da 'yar ƙanwata mai shekara 14 wadda take hannunmu tun tana ƙarama, sai autanmu mai shekara 9. A gida wannan lissafi bai taɓa hana ni barci ba, domin babban ya daɗe da komawa ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, 'yan matan kuma nasu ɗakin yana jikin na mahaifiyarsu, kamar yadda aka saba a kowane gida da ke da hali. Mun taso mun tarar da umarnin da ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, kuma ko da babu wanda ya karanta mana shi, kunya kaɗai ta isa ta hana saurayi mai gemu-gemu sauya tufafi a gaban ƙannensa mata. Ban san cewa wannan tsari da muke yi ba tare da tunani ba yana da tsada a kan ruwa ba, sai da na zauna kama ɗakuna.

Ɗakin jirgin ruwa na gama-gari ƙarami ne ƙwarai, har da banɗakinsa, kuma yawancinsu mutum biyu aka yi wa. Waɗanda ke ɗaukar mutum uku ko huɗu suna yin haka ne da kujerar da ake buɗewa ta zama gado, ko kuma da gadon da ma'aikaci ke saukowa da shi daga rufi da yamma ya mayar da safe, ta yadda idan an shimfiɗa duka gadajen, ko wurin da za a shimfiɗa darduma ɗaya sai an yi dabara. Ɗakin da ke ɗaukar mutum biyar ko shida kaɗan ne ƙwarai a kowane jirgi, kuma shi ake fara kamewa. Ga kuma tsarin farashi, wanda shi ne ke tura magidanci ga cunkoso: mutum biyun farko a kowane ɗaki cikakken kuɗi suke biya, na uku da na huɗu kuwa ana yi musu rangwame, wani lokaci mai yawa. Saboda haka duk ƙarin ɗakin da ka nema, ka ƙara wa kanka cikakken kuɗin mutum biyu, ko da kuwa mutum ɗaya za ka sa a ciki, domin mai kwana shi kaɗai ma ana cajinsa ƙari.

Ni dai ɗaki uku na nema tun farko, ɗaya namu da auta, ɗaya na 'yan matan, ɗaya kuma na babban. A nan na fara cin karo da dokar shekaru. Kamfanonin jiragen ruwa ba sa barin ƙananan yara su riƙe ɗaki su kaɗai sai da sharuɗɗa, kuma kowane kamfani da nasa. A Royal Caribbean, misali, wanda ake ɗauka babba a tafiyar da ta tashi daga Amurka sai ya kai shekara 21, a wadda ta tashi daga Turai ko Asiya kuwa 18 ta wadatar, kuma ana yin sassauci idan ɗakin yaran yana maƙwabtaka da na iyayensu. Carnival kuma yana son wanda bai kai 21 ba ya kasance tare da ɗan'uwa ko mai kula da shi da ya kai shekara 25, sannan matashi mai shekara 15 zuwa 17 bai kamata ya yi nisan da ya wuce ɗaki uku daga wannan babba ba. Na kawo waɗannan biyun ne domin mai karatu ya ga cewa abin da maƙwabcinsa ya yi a wani jirgi ba hujja ba ce a wani, kuma kamfanonin kan sauya ƙa'idojin, don haka sai an nemi rubutacciyar dokar kamfanin da za a bi kafin a biya ko sisi.

Ejan ɗin da ya yi mana hidima ya ce mini ɗaki uku ba zai yiwu ba tunda manya biyu ne kawai a cikinmu, ya kama mana biyu, ya rubuta ni da yara maza a ɗaya, maiɗakina da 'yan matan a ɗayan. Da na nuna damuwa sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan duk na takarda ne, da zarar kun shiga jirgi sai ku kwana yadda kuke so." Na yarda da shi, domin ban tsaya na yi lissafin cewa babu wata hanya da za a juya mutum shida a ɗaki biyu ni da matata mu haɗu da auta kaɗai a ɗakinmu, face sai an haɗa saurayin da 'yan matan, abin da ba zan yi ba ko da kyauta aka ba ni tafiyar. Haka muka yi dare bakwai muna sallama da juna a bakin ƙofa kamar masu neman aure, abin da har yanzu 'yan'uwanta ke yi mini tsiya a kai. Wannan ɓangaren laifina ne, kuma da shi kaɗai ne da ban rubuto ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne batun lambobi. Ashe ejan ɗin ya sayi nau'in tikiti mai rahusa ne, wanda mutum ke zaɓar ajin ɗaki kawai, kamfani kuma ya ba shi duk wanda ya rage, ba tare da alkawarin cewa ɗakunan iyali ɗaya za su kasance kusa da juna ba. Da lambobin suka fito ana saura kwanaki kaɗan tafiya, sai na ga a jere suke, ɗaya na bin ɗaya, a hawa na goma, na kuwa yi hamdala ina zaton bango ɗaya ne ya raba su kamar yadda yake a otal. Da muka shiga jirgin a Dubai sai na tarar lambobin da ke ƙarewa da 1, 3, 5 suna gefe guda na jirgin, masu ƙarewa da 2, 4, 6 kuma suna can ɗaya gefen, kuma haka tsarin yake a jirage da yawa. Tsakanin layukan biyu akwai ɗakunan ciki da wuraren ajiyar ma'aikata, babu hanyar ratsawa sai mutum ya bi doguwar hanya har wurin matakala da lifta, sannan ya sake juyowa ta ɗaya layin. Na ƙirga takuna a daren farko, na samu 160 daga ƙofata zuwa tasu. Da na nemi taswirar jirgin tun a gida, wadda kowane kamfani ke wallafawa hawa-hawa da lambar kowane ɗaki, da minti biyar ya ishe ni in gano wannan.

Nisan ƙofa da ƙofa ya zo da wani abu mafi nauyi, wanda na gane a yammacin ranar farko lokacin atisayen gaggawa. A jikin katin kowane fasinja akwai harafi ko lamba da ke nuna matattarar da zai nufa idan jirgi ya busa ƙaho gajere sau bakwai da dogo sau ɗaya, kuma ɗakin da aka rubuta mutum a ciki shi ne ke yanke wace matattara ce tasa, domin da wannan ake lissafin mutanen da kowane kwale-kwalen ceto zai ɗauka. Ni da yara maza aka ba mu wani harafi, maiɗakina da 'yan matan aka ba su wani, a ɗaya gefen jirgin. Wannan atisaye ba wasa ba ne. A daren 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo na ƙasar Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a wannan yammacin ba a riga an yi musu atisayen ba, domin dokar wancan lokaci ta ba da wa'adin awa 24. Bayan wannan hatsari ne Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya ta gyara dokar, tun daga farkon 2015 ya zama dole a tara sababbin fasinjoji kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Idan iyali suka sauya ɗakuna a ɓoye kamar yadda ejan ya ba ni shawara, to sunan mutum yana wata matattara, gangar jikinsa kuma tana kwance a wani ɓangaren jirgi, kuma ranar da aka shiga ruɗani ma'aikata za su je neman yaro a ɗakin da ba ya ciki.

A wannan daren na zaunar da matasan uku na gaya musu cewa idan suka ji wannan ƙaho, kada wanda ya zagaya neman wani, kowa ya nufi harafin da ke jikin katinsa, a can za mu haɗu ko a haɗa mu. Ƙananan yara ana ɗaura musu wani zobe na roba a hannu mai ɗauke da harafin matattararsu, domin idan abin ya faru suna wurin wasa ma'aikata su kai su, amma mai shekara 15 ana ɗauka zai kai kansa. Autan kuwa, da dare ya yi sai ya ce shi fa wurin Umma zai kwana. Ɗakin nasu gadon mutum uku ne, kuma da na tambayi ma'aikacin da ke gyara ɗakin ko za a ƙara katifa a ƙasa, sai ya ba ni haƙuri cikin ladabi ya ce adadin da aka ƙayyade wa kowane ɗaki ba ya ƙaruwa, kuma ba shi da ikon sauya shi. A gida da tabarma kawai za a jawo magana ta ƙare, amma a jirgi har rigunan kariya daga nutsewa an ƙirga su.

Yanzu sai batun makulli, wanda shi ne asalin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da ake ba fasinja kati ne irin na banki, kuma kuskure ne babba a ɗauke shi a matsayin mabuɗin ƙofa kawai. Royal Caribbean na kiran nasa SeaPass, Carnival na kiran nasa Sail & Sign, Disney kuma Key to the World, yayin da Princess ya fito da wani ɗan ƙarfe mai kama da kwabo mai suna Medallion tun 2017, amma aikinsu duka ɗaya ne. Da shi ake buɗe ɗaki, da shi ake sayen komai a cikin jirgi tunda ba a karɓar tsabar kuɗi a shaguna da wuraren cin abinci, shi ne shaidar mutum idan zai sauka a tasha ko zai dawo, kuma a cikinsa aka sa alamar da ke nuna wa ma'aikata cewa mai riƙe da shi yaro ne, ba a sayar masa da giya, ba a barinsa ya yi caca. Duk uban da ya miƙa wa ɗansa katinsa domin ya je ya ɗauko masa hula a ɗaki, to ya sani ya miƙa masa aljihunsa da shekarunsa gaba ɗaya, a cikin gini mai hawa goma sha wani abu da ke cike da baƙi dubbai.

Mun koyi wannan ne a safiyar da muka isa Abu Dabi. A jirginmu wutar ɗaki ba ta kamawa sai an zura kati a wani rami da ke jikin bango kusa da ƙofa, kuma 'yata ta zura nata ta manta da shi ta fito, ƙofa ta rufe kanta. Mahaifiyarta ta ba ta nata katin ta koma ta ɗauko, ta dawo da biyun a hannu ta miƙa ɗaya ba tare da ta duba suna ba, domin launinsu da girmansu ɗaya ne. Da muka zo ƙofar sauka, maiɗakina ta ɗora katin a kan na'ura, na'urar ta yi wata ƙara daban da ta sauran mutane, sai ga hoton yarinya mai shekara 15 a allon jami'in tsaro, ga kuma mace mai 'ya'ya uku tsaye a gabansa. Ya dubi allon, ya dube ta, ya ɗaga hannu ya tsayar da layin, mutane wajen hamsin suna bayanmu suna leƙe. An warware abin cikin minti biyu da yarinyar ta fito da ɗaya katin, amma jami'in ya ja ni gefe ya bayyana mini cewa da wannan na'ura kyaftin ke sanin wanda ke cikin jirgi da wanda ke tudu kafin ya ɗaga anga, kuma da an yi rashin sa'a kuskuren ya wuce, da lissafinsu ya nuna yarinya ƙarama ta sauka a baƙuwar ƙasa. Maiɗakina ba ta ce uffan ba har muka shiga mota, ni ma na san gara in yi shiru.

Da muka dawo na nufi teburin kula da baƙi, inda ya kamata in fara zuwa tun ranar farko. Matar da ke wurin ta saurare ni, ta duba ta tabbatar ɗakunan biyu na iyali ɗaya ne, sannan ta buga mini ƙarin kati biyu da ba su da wani aiki sai buɗe ƙofa, ɗaya na ɗakin 'yan matan a hannuna, ɗaya na ɗakinmu a hannun maiɗakina. Ba a sayayya da su, ba a sauka jirgi da su, kuma idan ɗaya ya ɓata sai a kashe shi a kwamfuta a buga wani. Ba ta karɓi ko kwabo ba. Daga ranar babu wanda ya sake taɓa katin wani, kowa ya rataya nasa a wuya da igiyar da muka saya a shagon jirgi, ramin wutar kuma muka zura masa wani tsohon kati da ba shi da amfani.

A wannan zaman ne kuma ta buga mini takardar abin da aka kashe, na ga abin da ya haura dala 80 a cikin kwana biyu a ɗakin wasannin kwamfuta. Ashe lokacin rajista a tashar Dubai, da aka tambaye ni ko a haɗa dukkan katunan da katin bankina, na amsa da to ba tare da na fahimci abin da nake amsawa ba, shi kuwa auta ya gano cewa duk na'urar da ya ɗora wa katinsa sai ta kunna, ya ɗauka kyauta ce irin ta abinci. Ban ga laifinsa ba. Ana iya rufe sayayya a katin yaro gaba ɗaya, a wasu jirage kuma ana iya ƙayyade masa adadin da ba zai wuce ba, amma babu wanda zai yi maka wannan sai ka nema. Na rufe na auta, na bar wa manyan ukun ɗan abin da za su sha lemo da shi, na kuma gaya musu cewa kowace yamma zan duba lissafin a talabijin ɗin ɗaki.

Wa ya kamata ya riƙe makullin wa, wannan ra'ayina ne, kuma na san wasu iyaye za su saɓa mini. Iyaye su riƙe na ɗakin yara, amma yara ba sa buƙatar na ɗakin iyaye, kuma saurayi ba shi da abin yi da makullin ɗakin ƙannensa mata, duk da cewa muharraminsu ne, balle kuma 'yar ƙanwata da aure ya halatta tsakaninsu. Riƙe makulli kuma bai ɗauke wa uba yin sallama ba. Ayoyi na 58 da 59 na Suratun Nur sun koyar da neman izini kafin a shiga wa mutum a lokutan da yake ajiye tufafinsa, kuma duk da cewa yara aka umarta a can, na ga bai dace in koya musu abin da ni ba na yi ba, don haka ban taɓa zura katin nan ba sai na ƙwanƙwasa an amsa. Da dare kuma 'yan matan na murɗa sakatar ciki, wadda a jirginmu ko ƙarin katin ba ya buɗe ta, shi ya sa tashin asuba ya koma ta wayar ɗaki, wadda ake buga lambar ɗaki kawai ta shiga ba tare da biyan komai ba. Wannan waya ta fi mana amfani a kan intanet ɗin jirgi mai tsada.

Doka ɗaya ce ban yi sassauci a kanta ba, ita ce babu abokin da aka yi a jirgi da zai shiga ɗakinsu, su ma ba za su shiga na kowa ba, kuma ba a gaya wa kowa lambar ɗaki. Jiragen nan suna da zauren matasa inda yara daga ƙasashe dabam-dabam ke haɗuwa ƙarƙashin kulawar ma'aikata, kuma cikin yini ɗaya sai ka ga sun saba kamar tare suka taso, amma kulawar tana ƙarewa ne a ƙofar zauren. Jirage da yawa da gangan suke ƙin buga cikakkiyar lambar ɗaki a jikin kati domin kada wanda ya tsince shi ya san ƙofar da zai buɗe, saboda haka kada yaro ya rubuta ta da biro don gudun mantuwa. Mu abin da muka yi wa auta shi ne manna ɗan hoto mai maganaɗisu a ƙofa, tunda ƙofofin ƙarfe ne, ya riƙa gane tamu a cikin ɗaruruwa masu kama ɗaya. Royal Caribbean da Carnival suna da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 18 yawo su kaɗai bayan ƙarfe ɗaya na dare, amma wannan iyaka ce ta kamfani, kuma ban ga gidan da muka fito ana barin budurwa a waje har wannan lokaci ba. Tamu ƙarfe goma da rabi ce, kowa ya zo ya nuna fuskarsa kafin ya kwanta.

Ɗakuna masu baranda su ne suka fi ɗaukar ido a talla, amma ni ba zan sa matasa su kaɗai a irinsu ba. Dokar da Amurka ta kafa a 2010 a kan tsaron jiragen shaƙatawa da ke tsayawa a tashoshinta ta wajabta cewa shingen gefen jirgi ya kai tsayin inci 42, ta kuma wajabta 'yar kafar leƙe a ƙofar kowane ɗaki, kuma wannan tsayi ya isa ya tsare wanda ke tsaye da ƙafafunsa a ƙasa. Ba ya tsare wanda ya taka kujera domin ɗaukar hoto, ko wanda ya yi ƙoƙarin leƙa barandar maƙwabta, kuma duk wanda ya raini ɗan shekara 16 ya san abin da nake nufi. Tsarin da na ga wasu iyalai sun yi a layinmu, wanda ya burge ni, shi ne iyaye su ɗauki mai baranda, yaran kuma a sa su a ɗakin ciki marar taga da ke fuskantarsa, taku biyu tsakanin ƙofa da ƙofa. Ɗakin ciki ya fi araha, ga duhu mai daɗin barci, kuma uba na iya jin motsin ƙofarsu daga gadonsa. Mafi kyau duka su ne ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakaninsu, waɗanda ake nuna su da 'yar alama a taswira, domin ana iya barin ƙofar a buɗe da rana a rufe da dare, sai dai kaɗan ne, kuma masu kamawa tun watanni kafin tafiya su ke samu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman, wanda na'urorinsu ba su san da shi ba, wato yadda muke sa suna. Matata sunan mahaifinta take amfani da shi, 'ya'yana sunana suke ɗauke da shi, 'yar ƙanwata kuma sunan nata mahaifin, ta yadda a takarda ɗakin matan ya ƙunshi mutum uku masu sunan ƙarshe uku, babu abin da ke nuna cewa suna da alaƙa da juna ko da ni. Dole ne mai kama ɗakuna ya nemi a haɗa lambobin rajistar ɗakunan a matsayin iyali ɗaya, domin da wannan ake ba ku teburin cin abinci ɗaya, da shi kuma ake yarda a buga maka makullin ɗakin da ba sunanka a ciki. Yaron riƙo kuwa, wanda a wurinmu ɗa ne ba tare da wani bayani ba, a wurinsu yaro ne da ke tafiya ba tare da iyayensa ba, kuma kamfanoni kan nemi takardar izini daga iyayen mai ɗauke da hatimin hukuma ko na lauya. An tambaye mu ita a tasha, kuma Allah ne ya taimake mu mahaifin yarinyar ya riga ya yi rantsuwa a kotu lokacin neman biza, takardar tana cikin jakata. Ejan bai ambata mini ita ba ko sau ɗaya. Mai mata biyu da ke son tafiya da duka iyalinsa kuwa, lissafinsa ya fi nawa sauƙi ta fuska ɗaya, tunda yana da manya uku da za a rubuta a ɗaki uku.

Ina kira ga masu sayar da irin wannan tafiya a garuruwanmu da su daina cewa magidanta rabon ɗaki abin takarda ne, su riƙa tambayar shekarun kowane yaro da jinsinsa da dangantakarsa da mai gida kafin su faɗi farashi, su kuma ajiye taswirar jirgin a kan tebur su nuna ɗakunan da yatsa. Idan tikitin da suke tallatawa irin wanda kamfani ke zaɓar ɗaki ne, su faɗa ƙarara, domin mai iyali ya san abin da rahusar ta ƙunsa.

Mu dai yaran sun ji daɗin tafiyar har suna roƙon a sake, kuma na amsa musu da sharaɗin cewa wannan karon ni zan zauna da taswira. Kamfanoni kan yi lissafin shekarun fasinja ne da ranar da zai shiga jirgi, kuma kafin lokacin babban zai haura 18, abin da a wasu kamfanonin zai ba shi damar riƙe ɗaki da ƙanensa idan jirgin ba daga Amurka ya tashi ba, sai dai zan nemi a rubuto mini wannan kafin in biya. Ɗakin 'yan matan kuma na riga na roƙi yayata ta zo ta kwana da su, ta kuwa amince, da sharaɗin cewa gadon ƙasa nata ne kuma babu wanda zai sa ta leƙa teku daga baranda.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani magidanci daga Kano